Sati Uku a Kan Littafin Manaja

Wani ne, ma'aikaci a wani kamfanin sayar da tayoyin mota. Shekararsa goma sha ɗaya a ofishin, kuma duk shekarun nan teburinsa yana bakin ƙofar bayi. Duk wanda cikinsa ya juya sai ya gaishe shi. Wasu ma har ajiyar fayil suke bar masa kafin su shiga, su fito su karɓa ba ko sannu. Abin ya kai ko bai ɗaga kai ba, daga jin tari ya san wanda ke ciki.

Teburin ma gurgu ne, ƙafa ɗaya ta gaza sauran. Shekara shida da suka wuce ya yi ta kai ƙara, har ranar da Manaja ya gaji da shi. Manaja ya fito daga ofishinsa da wani dunƙulen takardu mai kauri wanda bangonsa ya yage, ya tsugunna da kansa ya cusa a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar, ya karkaɗe hannu ya ce, "An gyara." Mutumin ya yi sati yana ba mutane labarin yadda Manaja guda ya durƙusa saboda shi.

To, burinsa a duniya ɗaya ne, teburin bakin taga. Can akwai iska, akwai fanka a sama, kana aiki kana kallon titi, kuma ba mai bar maka ajiya. Mai teburin ya yi ritaya. Manaja ya ce ƙarshen wata zai faɗi wanda zai koma wurin.

Su biyu ke nema. Shi, sai wani da ake kira Farfesa. Ba farfesan komai ba ne, tabarau ne da shi wanda babu magani a ciki, kuma ko ƙarfe nawa ka tambaye shi sai ya fara da "a zahirin gaskiya".

Shi kuwa Manaja yana da wani littafi a kanta, daidai saitin ƙeyarsa. Ƙato, baƙi, da rubutun ruwan zinariya mai lanƙwashe-lanƙwashe wanda ba mai iya karantawa. An ce wani tsoho ne ya rubuta shi tun kafin a haifi kakan Manaja. Tsohon ya ga duniyar da muke ciki ba ta ishe shi ba, ya zauna ya ƙirƙiro tasa, da aljanunta da dodanninta da sarakunanta, har da yaren da suke zagin juna da shi. Manaja ba ya rufe taro sai ya ambace shi. Ko maganar wanda ya bar famfo a buɗe ake yi, sai ya nuna bayansa da babban yatsa ya ce, "Kamar yadda yake a Littafin." Farfesa kuma ya gyara tabarau ya ce, "Haka yake, Yallabai. Babi na tara."

Mutuminmu ya yi lissafi ya ga hanyar taga ta cikin littafin nan ta bi. Amma shi rabonsa da karanta wani abu mai tsawo tun takardar magani. Ya ce bari ya fara tambaya kafin ya jefa kansa.

Ya sami Farfesa. "Don Allah wannan littafin na Manaja, ya cancanci mutum ya karanta kuwa?"

Farfesa ya dube shi ta saman tabarau. "A zahirin gaskiya, wanda bai karanta shi ba numfashi kawai yake yi. Sau uku na sauke shi. Amma ban ba ka shawara ba. Sunaye ne a ciki fal, ga tsohon harshe. Irinku a shafi na huɗu ake tsintar su suna minshari."

Ya sami mai gadi, tunda shi ya fi kowa daɗewa a wurin. Mai gadi ya ce, "Littafi ne mai nauyi, wannan na shaida. Ni na ɗauko shi ranar da muka tare a ginin nan. Har yau in hadari ya haɗu sai na ji shi a ƙuguna."

Ya koma gida ya tambayi matarsa. Tana guga, ba ta ko juyo ba.

"Za a ƙara maka albashi ne in ka karanta?"

"A'a. Taga za a ba ni."

"Maigida, gidan nan taga huɗu gare mu, biyu ba sa rufuwa. Tun bara nake maka magana. Ka zaɓi ɗaya ka zauna."

Ya ce mata ba ta san harkar ofis ba.

Washegari ya yi ta maza ya ƙwanƙwasa ƙofar Manaja. Ya ce yana son aron Littafin. Manaja ya dube shi daga sama har ƙasa, sannan ya miƙa hannu baya ya sauko da shi. Ƙurar da ta tashi sai da ta sa su duka biyun atishawa.

Manaja ya ce, "Ka riƙe shi da daraja. Littafin nan shi ya mai da ni abin da na zama."

Mutumin ya fito yana rungume da shi kamar jariri. Sakatariya, wata mata mai shiru-shiru da ke zaune a bakin ƙofar Manaja, ta leƙa bangon ta ce, "Malam, ai wannan ɗin..."

Ya ɗaga mata hannu. "Ke dai ci gaba da buga takardunki. Wannan maganar manya ce."

Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Ranar Asabar da hantsi ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya wanke hannu, ya buɗe shafin farko. Rubutu ƙanana, an raba kowane shafi gida biyu, ba hoto ko ɗaya. Ya gyara murya ya karanta a fili, don maƙwabta su ji.

"Abarzaƙu, ɗan Zuzzuru Babba, sarkin Tsaunin Toka, wanda ya faɗa rijiya ya halaka. 22, 88, 203."

Ya tsaya. "Tun yanzu?"

Matarsa tana wanki a gefe. Ta ce, "Me ya faru?"

"Jarumin ya mutu."

"A layin farko? To rufe mana, ka zo ka kama min matsar zanin gado."

Bai kula ta ba. Ya sauka layi na biyu, ga wani sarkin, ɗan wane, jikan wane, dodo ya haɗiye shi. Na uku ƙaninsa ya soke shi. Na huɗu ya zama dutse. Kafin ya kai ƙasan shafin farko mutum goma sha tara sun mutu, ba wanda ya ce wa wani ko ina kwana. Ya share gumi ya ce lallai Farfesa ya yi gaskiya, wannan ba littafin yara ba ne.

Abin da ya fi ɗaure masa kai lambobin nan ne da ke bin bayan kowane suna. Matarsa ta ce wataƙila lambar waya ce, ya kira ya yi musu ta'aziyya. Ya yi kwana biyu yana nazari, yana rubutu a bayan ambulan, ranar Litinin da safe ya fito daga ɗaki fuskarsa tana walƙiya.

"Na gano. Ta farko shekarun da mutum ya yi aure. Ta biyu shekarun da ya mutu. Ta uku yawan waɗanda suka je jana'izarsa."

"Mai lamba ɗaya fa?"

"Wannan ya yi aure ne kawai, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba."

Ta ce, "Wannan kam na yarda."

Ya nuna mata wani. "Kin ga wannan bawan Allah, sai da ya shekara ɗari huɗu da goma sha biyu sannan ya yi aure."

"Matarsa ta yi sa'a. Ba za ta daɗe tana jin karatu ba."

Daga nan fa ya duƙufa. A mota yana karatu, har sau biyu ana wuce tasharsa. Lokacin cin abincin rana yana karatu, cokali a hannu abinci na hucewa. Masu shiga bayi su ajiye masa fayil a kan littafin, ya ture ya ci gaba. Kowane shafi gawa ashirin. Ya fara lura cewa masu suna iri ɗaya tare suke zuwa, sai an gama da masu farawa da wannan harafi kaf sannan a shiga na gaba. Wannan ya burge shi ƙwarai. Ya ce tsohon nan mutum ne mai adalci, ko sarki ne kai sai ka bi layi kafin a kashe ka.

Amma inda littafin ya shiga ransa sosai shi ne ranar da ya iso kan wani Dankarmazu. Ba uba, ba mutuwa, ba lamba. Abin da aka rubuta kawai, "Duba Gurzanu." Ya yi ta buɗe shafuka har ya samo Gurzanu. Aka ce, "Duba Malmatu." Ya tafi wajen Malmatu, yatsa a baki yana lasa yana buɗewa. Malmatu ya ce, "Duba Dankarmazu."

Ya ajiye littafin ya jingina, idonsa ya ciko. Shekara goma sha ɗaya yana neman a canza masa kujera, Manaja ya ce ya ga mai kula da kaya, mai kula da kaya ya ce ya ga Farfesa, Farfesa ya ce ya koma wajen Manaja. Ashe wani tsoho tun can zamanin baya ya san halin da yake ciki. Ranar ko abinci bai iya ci ba.

A sati na biyu wandonsa ya fara zamewa. Idanu sun faɗa. Maganarsa ma ta canza. Da safe ya ce wa matarsa, "Ke 'yar wane, jikar wane, ina takalmina?" Ta ce in ya sake jawo kakanta cikin maganar takalmi zai ga lamba uku a bayan sunansa. A ofis in ya kalli Farfesa sai ya ji zuciyarsa na karantawa: Farfesa, mai tabarau, wanda ya faɗa rijiya ya halaka.

Duk da haka akwai abin da ke cin sa. Ya ja Farfesan gefe, ya rage murya.

"Na kai shafi na ɗari uku. Har yanzu ba a fara labarin ba. Ana dai ta gabatar da mutane ana binnewa."

Farfesa ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "A zahirin gaskiya, rashin labarin ai shi ne labarin. Ba kowa ke ganewa ba. Ni sai a karatu na biyu na gane."

Mutumin ya ji daɗi har cikin ransa. Abin da ya ɗauki Farfesa karatu biyu, shi ga shi ya cim masa tun a rabin na farko.

Ranar Lahadin sati na uku, da la'asar, ya iso shafin ƙarshe. Suna na ƙarshe a littafin duka shi ne Zuzzuru Babba. Ya tuna, uban Abarzaƙu ne, wancan da ya faɗa rijiya a layin farko. Ɗa ya mutu tun shafi na ɗaya, uba ya daure shafi ɗari shida da tara shi kaɗai. Kuma me aka rubuta a gabansa? "Duba Abarzaƙu." Mutumin ya kifa kai a kan littafin ya yi kuka sosai, da majina.

Matarsa ta tsaya a kansa da tsintsiya. "An gama?"

"An gama."

"To ya cancanci a karanta?"

Ya share fuska. "Ko kalma ɗaya ban gane ba. Babban littafi ne."

"Madalla. Ɗaga ƙafarka in share."

Ranar ƙarshen wata Manaja ya tara kowa a babban ɗakin ofis. Ga teburin taga an goge shi yana sheƙi, fanka na juyawa a kansa ba kowa a ƙasa. Mutumin ya sa rigarsa ta zuwa biki, ya ƙara huda a bel. Ya ajiye littafin a gaban Manaja da hannu biyu.

Manaja ya ce, "Kafin mu zo maganar tebur. Ka karanta?"

"Daga bango zuwa bango, Yallabai."

Manaja ya ɗan gyara zama. Da alama bai shirya wa wannan amsar ba. "To... faɗa wa 'yan uwanka abin da ka fahimta."

Mutumin ya buɗe baki. Ya faɗi yadda ake bin layi a mutu. Ya warware sirrin lambobi uku, aure da mutuwa da jana'iza. Ya kawo labarin Dankarmazu da Gurzanu da Malmatu, ya yi wayo bai ce ya ga kamarsu a ofis ba. Da ya zo kan Zuzzuru Babba muryarsa ta karye, sai da mai gadi ya miƙo masa ruwa.

Manaja yana ta gyaɗa kai, ido a lumshe. "Lallai. Lallai ka shiga zurfin. Wurin rijiyar nan ni ma duk lokacin da na karanta sai na tsaya."

Farfesa ya ga taga tana neman kuɓuce masa. Ya miƙe. "A zahirin gaskiya, Yallabai, maganar lambobin nan ni na fara gano ta, shekara huɗu ke nan. Kuma ya manta da wurin da Gurzanu ya yi wa Malmatu doguwar huɗuba a bakin kogi. Babi na tara."

Mutumin ya ce, "Babu babi a ciki."

"A bugun da na karanta akwai."

Manaja ya ce, "Akwai, akwai. Huɗuba mai ratsa jiki."

Sai sakatariya ta ɗaga hannu daga baya, a hankali, kamar mai neman izinin fita.

"Yallabai, a yi min haƙuri. Littafin nan kundi biyu ne. Na karanta shi tun ina makaranta. Wannan da Malam ya karanta na biyun ne, jerin sunayen mutanen da ke cikin labarin kawai, don in ka manta wane ne wane ka duba. Lambobin kuma lambar shafi ce, inda za ka sami mutumin a kundin farko. Labarin duka yana can."

Fanka kawai ake ji.

Mutumin ya ce, "Shekara ɗari huɗu da goma sha biyun fa?"

"Shafi ne, Malam."

"Bai yi aure ba ke nan?"

"Doki ne ma."

Wani daga baya ya yi tari irin wanda ba tari ba. Farfesa ya cire tabarau ya shiga gogewa, ya goge gaba ya goge baya, bai da niyyar gamawa. Manaja ya kalli silin, ya kalli agogo, sannan ya ce da murya mai ƙarfi, "Ai na sani. Gwada su nake yi. Kundin farkon yana gida, a gefen gadona, kullum sai na leƙa."

Sakatariya ta ce, "A'a Yallabai, yana nan. Ga shi can."

Ta nuna. Kowa ya juya. Can bakin ƙofar bayi, ƙarƙashin gajeriyar ƙafar teburin mutumin, ga dunƙulen takardun nan marar bango, ya sha ƙura da ruwan gogar ƙasa na shekara shida, ƙafar tebur ta yi masa rami a tsakiya.

Ta ce, "Tun ranar da birona ya faɗi a wurin na gane shi. Labari ne mai daɗi wallahi, in mutum ya daure shafi hamsin na farko. A ciro shi mana, Yallabai, ka karanta mana wurin da ka fi so. Kai da Farfesa sai ku nuna mana huɗubar bakin kogin, ni ban tuna ta ba."

Mutumin, da yake Allah ya yi shi mai son taimako, har ya nufi teburin ya tsugunna ya kama gefen takardun.

Manaja ya daka tsawa. "Bar shi!"

Ya saki.

Manaja ya sassauta murya, ya gyara wuyan riga. "Lokacin aiki ne, ba lokacin tatsuniya ba. Maganar tebur, na yanke hukunci. Sakatariya ce za ta koma bakin taga. Yau ɗin nan, yanzu. A kwashe mata kayanta daga bakin ƙofata, a kai can nesa inda iska take. Taro ya tashi."

Mutane suka fara watsewa, kowa na danne dariya. Farfesa ya riga kowa fita, wai ana kiransa a waya. Mutumin yana nan a tsugunne, hannu duk ƙura. Ya ɗago kai.

"Yallabai, ni fa? Sati uku. Shafi ɗari shida da tara. Mutum dubu goma sha biyu na binne ni kaɗai. Ko kusa da tagar ne a matsar da ni."

Manaja ya tsaya a bakin ƙofarsa, ya kalli gajeriyar ƙafar teburin, ya kalle shi.

"Kai kana nan inda kake. In ka tashi, wa zai danne mana littafin?"